Kifi na raguwa a fadamun Luwiziyana: laifin mai fatsa ne, ko na ganuwar kogi?

Cikin wata bakwai kacal, jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka ta taɓa dokoki biyu da masu fatsa suka fi shekara 30 suna tinƙaho da su. Ranar 20 ga Nuwamba 2023 aka rage yawan kifin da ake kira tirawut mai ɗigo da mutum zai iya tafiya da shi gida a yini daga 25 zuwa 15, kuma sai wanda tsawonsa ya kama daga inci 13 zuwa 20, in ban da guda biyu da aka yarda su haura. Ranar 20 ga Yuni 2024 sai aka juya kan jan kifin da suke kira redfish: daga biyar ya koma huɗu, tsawo daga inci 18 zuwa 27, wanda ya wuce haka a mayar da shi ruwa. Masu jiragen haya da ke fita da baƙi kamun kifi kuwa, su da yaransu, an hana su ɗaukar nasu kason muddin suna bakin aiki.

Ba a kai ga wannan cikin ruwan sanyi ba. Hukumar kula da namun daji da kifi ta jihar ta fara kawo ƙa'idoji masu tsauri fiye da waɗannan, 'yan majalisar dokoki suka yi fatali da su har sau biyu, sannan aka daidaita a tsakiya. Jiha ce da ke rubuta wa kanta kirari a lambar mota cewa ita ce aljannar mafarauta da masunta, don haka rage wa mutum kifi goma a yini ba ƙaramar magana ba ce a can. Sai dai duk hayaniyar da aka yi, a kan ɓangare mai sauƙi aka yi ta. Ɓangare mai wuya yana ƙarƙashin jirgin, cikin laka.

Kifayen biyu dangi ɗaya ne, dangin da mazansu ke kaɗa wata jaka ta iska a cikinsu tana ƙara kamar ganga lokacin neman mata. Amma rayuwarsu ta sha bamban, kuma wannan bambancin ne ya sa dokar kowanne ta fita daban.

Jan kifi yana zuba ƙwai daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba a bakin mashigai, inda ruwan fadama ke haɗuwa da Mashigin Tekun Meziko. Cikar teku ce ke kwaso 'ya'yan, suna ƙanana ƙwarai, ta shigar da su cikin ciyawa. Can suke girma a kan ƙaguwa da jatan lande da ƙananan kifaye na tsawon shekara uku zuwa huɗu. Da ya kai kusan inci 27 zuwa 30 sai ya bar fadama ya bi garken manya a teku, inda zai iya rayuwa shekara 40 ko fiye yana haihuwa kowace kaka. Mafi girman da aka taɓa kamawa da fatsa ya haura kilo 42, a tsibirin Hatteras na jihar Karolina ta Arewa cikin 1984. Ke nan kusan duk jan kifin da ake soyawa a Luwiziyana yaro ne da bai taɓa haihuwa ba. Shi ya sa masana ba sa tambayar nawa ne a ruwa, tambayarsu ita ce cikin ɗari nawa ne ke tsira daga ƙugiya har su fita teku. Ma'aunin da aka ɗora shi ne 30. Ƙididdigar da hukumar ta fitar a 2022 ta ce an sauko wajen 20.

Mai ɗigo ba ya wannan doguwar tafiya. Galibi inda aka haife shi nan yake ƙarewa, yana kai-komo tsakanin cikin fadama da bakin teku gwargwadon sanyi da gishiri. Yana balaga da wuri, cikin shekara ɗaya zuwa biyu, yana kuma zuba ƙwai akai-akai daga Afrilu zuwa Satumba. Matan sun fi maza saurin girma, don haka babban kifin da kowa ke son ɗaukar hoto da shi kusan kullum mace ce, kuma ita ta fi yawan ƙwai. Ƙwan nasa yana buƙatar ruwa mai gishiri sosai kafin ya tsaya a sama; in ruwan daɗi ya yi yawa sai ya nutse ƙasa ya lalace. Jan kifi kuwa ba ruwansa, yakan zauna lafiya a ruwan da kusan ba gishiri. A riƙe wannan, don shi ne tushen rigimar da ke tafe.

Yadda ake kamun ma ya nuna halin kowanne. Cikar teku a gaɓar Luwiziyana ba ta da yawa, sau ɗaya take hawa ta sauka a yini, kuma da ƙyar take wuce ƙafa ɗaya ko biyu. Iska ta fi ta iko. In iskar arewa ta taso da hunturu, sai ta kore ruwa daga fadama, kududdufai su koma taɓo, jatan lande da ƙananan kifaye su biyo 'yan magudanai suna fita dole. A bakin irin wannan magudanar mai fatsa ke tsayar da jirginsa, domin manyan kifaye na nan sun yi layi suna jiran abinci ya zo da kansa.

Kayan aikin da ya fi shahara wajen mai ɗigo wani ƙwallon soso ne mai iyo, kansa da rami, an zura shi a siririn ƙarfe tare da 'yan duwatsun wuya masu ƙara. Ƙarƙashinsa akwai zare kamar ƙafa biyu zuwa uku, da ƙugiya ɗauke da jatan lande mai rai ko koton roba. Mutum ya jefa, ya fizgi sandar da ƙarfi sau ɗaya, ƙwallon ya yi ɓulum a kan ruwa, ya dakata. Wannan ƙarar ta yi daidai da ta kifin da ke cafkar abinci a sama, sai sauran su taho ganin me ake ci ba su. Idan ƙwallon ya nutse, ba a ja da ƙarfin tsiya, saboda fatar bakin mai ɗigo ba ta da ƙwari, tana yagewa kifin ya tafi. Da kaka kuma ana bin tsuntsaye ne: inda aka hango sun taru suna faɗawa ruwa, garken kifi ne ya koro jatan lande sama, sai a kashe inji tun daga nesa a bar iska ta kai jirgin.

Na jan kifi farauta ce da ido. Bakinsa a ƙasa yake, yana tonon laka yana neman ƙaguwa, a ruwan da bai kai gwiwa ba. In ya dukufa sai wutsiyarsa ta fito waje, ga baƙin ɗigon nan a gindinta, tana kaɗawa a hankali cikin ciyawa. Mutum ɗaya yana tsaye a kan wani dandamali a bayan jirgi yana tura shi da doguwar sanda ba motsi, ɗayan yana gaba da ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya da aka lanƙwasa kamar cokali. Ba kan kifin ake jefawa ba, gabansa ake jefawa a janyo ta inda zai gani.

Jan kifi ya taɓa shiga uku, kuma daga kicin abin ya faro. Wani mashahurin kuku, Paul Prudhomme, ya buɗe gidan abinci a New Orleans cikin 1979, ya fito da wata suya: a tsoma tsokar kifin a narkakken man shanu, a barbaɗe ta da yaji, a jefa a kaskon ƙarfe da ya yi jawur har bayanta ya yi baƙi. Cikin 'yan shekaru duk Amurka ta rikice da wannan suya. Manyan jan kifi na teku, waɗanda a da ba mai saye saboda tsokarsu ta yi tauri, suka zama kuɗi. Ana tashin ƙaramin jirgin sama ya hango garke, jiragen ruwa su zagaye shi da taru su kwashe gaba ɗaya, wato iyayen da suka shekara 20 ko 30 suna haihuwa. A 1986 gwamnatin tarayya ta kafa dokar gaggawa, kuma kafin shekarun 1980 su ƙare an rufe ruwan tarayya na Mashigin Tekun Meziko ga duk mai son ɗaukar jan kifi. Har yau a rufe yake.

Jihohi ma sun yi nasu. Teksas ta riga kowa: a 1981 ta hana sayar da kifayen biyu da aka kamo daga ruwanta, bayan matsin lambar wata ƙungiyar masu fatsa da aka kafa a Houston cikin 1977, wadda yanzu ake kira CCA. Luwiziyana ta hana kama jan kifi don sayarwa a 1988, sannan a 1995 ta yi dokar da ta kawar da kalli, wato tarun da ke sarƙe kifi, daga kusan duk ruwanta na gishiri. Kifi ya farfaɗo, wannan gaskiya ne. Amma nasarar ta bar wa masu fatsa wata ɗabi'a: duk lokacin da kifi ya ragu, sai a waiga a nemi mai koma a ɗora masa. Yanzu kuwa masu kallin sun tafi tuntuni. Jan kifin da ake fitarwa daga fadama don ci, masu nishaɗi ne ke fitar da shi, da jirage masu gudu da na'urar hango ƙasan ruwa da taswira a waya, abin da kakanninsu ba su yi mafarkinsa ba. Abokan faɗan da suka rage su ne manyan jiragen da ke kwasar wani ƙaramin kifi mai mai da ake kira pogi, wanda ake niƙawa a yi abincin dabbobi. Tarunsu yakan haɗa da manyan jan kifi, kuma hotunan gawarwakin da ke yawo a bakin gaɓa ne suka sa a 2024 aka tura su rabin mil daga tudu. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai ko an kori jiragen pogi gobe, fadamar ba za ta daina nutsewa ba.

Kudancin Luwiziyana kyautar kogin Misisipi ce. Shekaru dubbai yana ambaliya yana shimfiɗa laka, in ya cika wani gefe ya sauya hanya ya koma wani. Irin wannan ƙasa kullum tana zama, tana nutsewa a hankali saboda nauyin kanta, sabuwar lakar kowace shekara ce ke cike gurbin. Bayan babbar ambaliyar 1927 majalisar Amurka ta yi dokar 1928, sojojin injiniya suka ɗaure kogin da ganuwa dama da hagu har kusan bakin teku. Garuruwa sun tsira, jiragen dakon kaya sun samu hanya, laka kuma ta koma zubewa cikin zurfin teku inda ba ta amfanar kowa. Wanda ya ga yadda fadamun Haɗeja da Nguru suka koma bayan an datse ruwa a Tiga ba ya buƙatar dogon bayani, illa dai a can abin da aka hana fadama ya haɗa da ƙasar da take tsaye a kai. Kamfanonin mai da gas suka zo suka yanka dubban mil na hanyoyin ruwa cikin ciyawa, ruwan gishiri ya samu ƙofa har inda bai taɓa zuwa ba. Ga wata dabba mai kama da gafiya, nutriya, da aka kawo daga Kudancin Amurka don fatarta, tana cin saiwar ciyawa. Tun 2002 jihar ke biyan mafarauta kuɗi kan kowace wutsiya. Ga guguwa: Katrina da Rita a 2005, Laura a 2020, Ida a 2021. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga 1932 zuwa 2016 jihar ta rasa murabba'in kilomita kusan 5,200 na ƙasa.

Mutum zai ce to ai da kifi ya ƙare tun tuni. Akasin haka aka gani, kuma nan ne abin ke da ruɗani. Ƙaramin kifi da jatan lande ba tsakiyar ciyawa suke amfani da ita ba, ba kuma buɗaɗɗen ruwa ba. Gefe suke so, 'yan mitocin nan da ciyawa ta haɗu da ruwa, inda akwai maɓoya da abinci. Fadama lafiyayya, shimfiɗa guda, gefenta kaɗan ne. Da ta fara tsagewa ta zama tsibirai da kududdufai, sai gefe ya ninka, ruɓaɓɓiyar ciyawa kuma ta zama taki ga duk abin da ke ruwan. Kifi ya yi yawa, kowa ya yi murna. Amma tsibiran suna ci gaba da narkewa, kuma akwai lokacin da ruwa zai rinjayi ƙasa, gefe ya fara raguwa, ba kuma zai dawo ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike suka yi wannan lissafi suka yi gargaɗi. Ma'anarsa ba daɗi: wani kaso na yalwar da ta sa aka iya ba mutum kifi 25 a yini, daga jikin fadamar da ke mutuwa aka ciro shi. Mai shekara 60 da ke cewa a mayar masa da ruwan da ya sani yana saurayi, wani mataki na rushewa yake nema a tsayar masa, kuma rushewa ba ta tsayawa inda aka ce.

Tafkin Calcasieu, wanda mutanen yankin ke kira Babban Tafki, a kudu da birnin Lake Charles, ya nuna yadda gishiri ke da fuska biyu. Tafki ne mara zurfi, amma an haƙa hanyar manyan jirage mai zurfin ƙafa 40 ta gefensa daga teku zuwa tashar jiragen ruwa. Wannan hanya ta shigo da gishiri, gishiri ya sa tafkin ya yi suna da manyan masu ɗigo, har aka rage masa kaso zuwa 15 tun 2006, shekaru da yawa kafin sauran jihar. Gishirin nan kuma shi ne ke ƙone fadamar da ke gabashin tafkin. Don ceto ta aka gina ganuwa da ƙofofin ruwa biyar, aka kammala a 1989. In an rufe ƙofofin fadama ta huta, amma jatan lande da 'ya'yan kifi ba sa shiga ba sa fita, masu fatsa su yi ta zagi. In an buɗe, jan kifi ya cika bakin ƙofa ana ta ja, gishiri kuma yana kwarara ciki. Masu kula da ƙofofin ba su taɓa faranta wa kowa ba.

Irin wannan gardama ce, amma mai tsadar gaske, aka yi a kan mashigin Barataria da ke kudu da New Orleans. Shirin shi ne a fasa ganuwar Misisipi kusa da ƙauyen Ironton, a saka ƙofofi, a riƙa sakin ruwa da laka cikin fadama lokacin da kogi ya cika, ruwan da zai iya kai ƙafa kubik 75,000 a daƙiƙa. An yi hasashen zai gina murabba'in mil 21 cikin shekara 50. Kuɗin, kusan dala biliyan 3, daga diyyar malalar man Deepwater Horizon ta 2010 zai fito. An aza harsashi a Agusta 2023. A Yuli 2025 gwamnatin Gwamna Jeff Landry ta soke aikin, bayan an riga an kashe ɗaruruwan miliyoyin dala.

Masu adawa ba mahaukata ba ne, kuma duk wanda ya mayar da su jahilai bai yi musu adalci ba. Binciken da gwamnati da kanta ta yi ya amsa cewa kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo da ake kiwo don ci) da jatan lande mai ruwan ƙasa za su sha wuya ƙwarai, haka ma dabbar dolfin da ke mashigin. Sun kuma ga samfuri da idonsu a 2019, lokacin da aka buɗe ƙofar ambaliya ta Bonnet Carré sau biyu cikin shekara ɗaya, kwana 123 gaba ɗaya, ruwan kogi ya cika tafkin Pontchartrain ya wuce har gaɓar jihar Misisipi, kawa ta mutu, mai ɗigo ya yi ƙaura. Mai gonar kawa ba ya iya ɗaukar gonarsa ya gudu. Mai jirgin haya da ya ci bashi ya gina masauki a bakin ruwa, in kifi ya matsa mil 20 kudu, kuɗin mansa ya ninka. Ce wa irin wannan mutum ya yi haƙuri jikokinsa za su amfana, magana ce ta wanda albashinsa ke shigowa ko kifi ya zo ko bai zo ba.

Duk da haka, a ganina soke aikin zaɓi ne na kare kamun yau da kuɗin na gobe. Wuraren da ƙasa ke ƙaruwa da kanta a gaɓar jihar su ne inda kogi ke isa fadama: bakin kogin Atchafalaya, da mashigar Wax Lake da aka haƙa a farkon shekarun 1940 don rage ambaliya, ba don gina ƙasa ba, sai ga tsibirai sun fito bayan ambaliyar 1973. Haka ma Neptune Pass, inda kogin Misisipi ya faɗaɗa wa kansa hanya a gefen gabas wajen 2019, yashi ya fara taruwa a bayansa. A irin waɗannan wurare ba a rasa jan kifi. Mai ɗigo ne ke ja baya zuwa inda gishiri yake. Hanyar da gwamnati ta fi karkata gare ta yanzu ita ce tsotso yashi da inji a turo shi ta bututu a cike wuraren da suka nutse. Tana da sauri, ana ganin sakamakonta cikin shekara biyu, ba ta kuma taɓa gishirin kowa. Matsalarta ita ce daga ranar da aka kashe injin ƙasar ta fara zama, sai an sake biya, kuma kuɗin diyyar mai yana da ranar ƙarewa.

Sai sanyi, wanda ba ya jiran shawarar majalisa. Kifayen nan na ruwan ɗumi ne, in matsanancin sanyi ya sauko kwatsam ya same su a ruwa mara zurfi, mutuwa suke yi da yawa, mai ɗigo ya fi jin jiki. An gani a Disamba 1983 da Disamba 1989. A Fabrairu 2021 Teksas ta ƙiyasta asarar kifi aƙalla miliyan 3.8 a gaɓarta, kuma tun 2024 kason mai ɗigo a duk jihar uku ne a yini. Mai fatsa a Luwiziyana da ke kukan 15 yana da kason da ya ninka na maƙwabcinsa sau biyar, alhali a tafkin Sabine iyakar jihohin biyu ta tsakiyar ruwa ta bi.